Yadda ake mu'amala da sinadarai masu haɗari a wurin gini, daga sayensu har zuwa kawar da ragowarsu

Idan aka ambaci sinadarai masu haɗari, hankalin yawancin mutane yakan tafi ga masana'antun Sharaɗa da Bompai ko matatar mai ta Kaduna, alhali kuwa duk filin da ake gini a cikinsa, ko da gida ne mai ɗaki biyu da falo, ba ya rasa abin da zai iya cinye fata, ko makantar da ido, ko lalata huhu, ko tayar da gobara. Siminti, da fenti, da tina, da fetur, da asid ɗin wanke tayil, da gam ɗin haɗa bututun roba, da maganin gara, da kwalta, da kabayid na masu walda, duk kayan yau da kullum ne da magina suka saba da su har suka daina ganin haɗarinsu. Amma sabo da kaza ba ya hana a yanka ta, haka nan shekara ashirin ana kwaɓa siminti ba ta sa ya daina ƙuna.

Wannan bayani na ɗan kwangila ne, da injiniya, da shugaban ma'aikata, da kuma mai gida wanda yake tsaye a kan gininsa da kansa. Na bi sinadarin ne tun daga kasuwa har zuwa ranar da za a rabu da mazubinsa, domin a ganina yawancin haɗurra tun a wurin saye da ajiya ake shuka su, a wurin aiki kuwa girbinsu kawai ake yi.

Mataki na farko: a san duk abin da zai shigo filin

Kafin a haƙa harsashi, a ware littafi guda mai bango mai ƙarfi domin sinadarai kaɗai. Duk abin da ya shigo a rubuta sunansa, da adadinsa, da ranar da ya zo, da wanda ya kawo shi, da inda aka ajiye shi. Wahalar ba ta cikin kayan da ɗan kwangila ya saya da kansa, tana cikin waɗanda masu ƙananan ayyuka suke shigowa da su a bayan babur, domin mai fenti yakan zo da tinarsa, mai tayil da asid ɗinsa, mai aikin famfo da gam ɗinsa, kuma babu wanda yake ganin akwai buƙatar ya sanar da kowa. Saboda haka a kafa doka tun ranar farko cewa babu galan ko jarka ko kwalbar da za ta wuce ƙofa sai maigadi ya kai ta wurin mai kula da sito an rubuta ta.

A wannan matakin ne kuma ake tambayar ko wani sinadari ya zama dole. Idan fentin ruwa zai wadatar a cikin ɗakuna, babu dalilin shiga da fentin mai wanda sai an sirka shi da tina. Idan kuma fentin mai ne ba makawa, kamar na ƙofofin ƙarfe da tagogi, a nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba a sa masa dalma ba, musamman mai launin rawaya ko ja, domin a irin waɗannan launuka aka fi samun dalma da yawa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suke kira ga ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti.

A sayi kaya a rufe cikin mazubinsu na asali mai ɗauke da rubutu. Tinar da ake aunawa a robar lemo a bakin kasuwa ta fi araha, amma mai sayar da ita kansa sau da yawa bai san abin da aka haɗa a ciki ba, kuma ranar da wani ya sha ta ko ta shiga masa ido babu abin da za a nuna wa likita. Kada kuma a tara abin da ya wuce buƙatar mako ɗaya ko biyu na duk abin da yake kama wuta.

Mataki na biyu: a karanta jikin mazubi, a fassara wa ma'aikata

A shekarar 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin bai ɗaya na alamomin sinadarai, wanda ya tanadi zane tara, kowanne a cikin murabba'i mai jan baki da ke tsaye a kan kusurwarsa. Zanen harshen wuta da na ƙoƙon kan mutum a kan ƙasusuwa biyu ba sa buƙatar dogon bayani. Waɗanda aka fi kasa ganewa su ne zanen ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe, wanda yake nufin abin yana cinye fata da ido. Da zanen mutum mai tauraro a ƙirji, wanda yake nufin illa ce mai bin jiki a hankali, kamar ciwon daji ko lalacewar huhu. Da zanen wuta a kan da'ira, wanda yake nufin abin yana rura wuta ko da shi kansa ba ya ci. Da zanen mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya, wanda yake nufin kada ya kai ga ruwa. Sauran ukun su ne tukunyar gas, da abu mai fashewa, da alamar motsin rai. A ƙarƙashin zanen akan rubuta kalma ɗaya: Danger idan haɗarin babba ne, ko Warning idan ya fi sauƙi, wadda a kayan da aka rubuta da Faransanci take zuwa a matsayin Attention.

Kowane sinadarin kirki yana da takardar bayanan kariya, wadda dillalai suka sani da SDS, kuma sashe 16 gare ta. Ba sai an haddace ta duka ba. Sashe na 2 yana faɗin haɗarin, na 4 taimakon gaggawa, na 5 abin da ake kashe wutarsa da shi, na 7 yadda ake ajiye shi, na 8 kayan kariyar da suka dace, na 10 abubuwan da ba a haɗa shi da su, na 13 kuma yadda ake kawar da ragowarsa. Idan dillali ya ce ba shi da ita, a nemi sunan kayan a intanet, domin yawancin kamfanoni suna ɗora ta a shafukansu.

Takardar da ke kulle a ofis cikin Turanci ba ta amfanar leburan da ke riƙe da galan. A tsamo muhimman bayanan a rubuta su da Hausa a kan kwali da manyan baƙaƙe, a manna a ƙofar sito, kuma inda hali ya yi a rubuta da boko da ajami, domin a cikin leburorinmu akwai da yawa da suka fi saurin karanta ajami. Duk lokacin da aka juye sinadari a wani ƙaramin mazubi domin aikin yini, a rubuta sunansa a jiki nan take. Robar ruwan sha da ta lemo kuwa an haramta su ɗungurungum, domin tina da kananzir da ruwan batir duk kamar ruwa suke a ido, kuma mai ƙishirwa da tsakar rana ba ya tsayawa sansanawa.

Mataki na uku: sito

Abin da aka saba gani shi ne, ɗakin da aka fara rufawa shi ne sito, a cikinsa ake jibge siminti da fenti da jarkar fetur ta janareta, a cikinsa maigadi yake shimfiɗa tabarmarsa, a bakin ƙofarsa kuma yake dafa shayi. Wannan tsari shi ne abu na farko da za a rushe. Wurin kwana da wurin girki da wurin cin abinci su rabu da sito kwata-kwata.

Sito yana buƙatar inuwa da mashigar iska a sama da ƙasa, domin tururin fetur da na tina sun fi iska nauyi, a ƙasa suke kwanciya, kuma suna iya malala har su kai ga wutar da take nesa, sannan wutar ta biyo su zuwa jarkar. Fetur yana fitar da tururin da zai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato yake haura digiri 40 a inuwa. Wanda yake amfani da kwantenar ƙarfe a matsayin sito ya yi mata rumfa a sama, ya kuma huda mata tagogin iska.

A cikin siton a raba kaya gida-gida. Masu kama wuta su zauna gefe guda nesa da waya da makunnin lantarki. Asid ya zauna a ƙasa cikin babbar roba wadda za ta tare shi idan ya yoyo, nesa da ruwan bilic da rodi da kayan ƙarfe. Kabayid ya zauna a gwangwaninsa a rufe, a kan katako, inda ko ɗigon ruwan sama ba zai same shi ba, domin da zarar ya jiƙe sai ya fara fitar da iskar asitilin mai fashewa. Tukwanen gas a tsayar da su a ɗaure da sarƙa, da murfinsu a kai, kuma a bar tazarar mita 6 tsakanin na oksijin da na gas mai ci. Kada maiko ko giris ya taɓa bakin tukunyar oksijin, domin haɗuwarsu kaɗai tana iya tayar da wuta. Tukunyar kashe gobara mai gari da bokitin busasshen yashi a ajiye su a waje kusa da ƙofa, tun da babu mai shiga cikin wuta ɗauko abin kashe ta. Makulli ya zauna a hannun mutum ɗaya, kuma a riƙa ƙirga gwangwanayen gam da tina kowace yamma, saboda akwai yaran da suke ɗauke su domin shaƙa kamar sholisho.

Mataki na huɗu: ruwa kafin a fasa buhun farko

Mafi yawan raunin da sinadari yake yi wa fata da ido, girmansa ya danganta ne da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin ruwa ya sauka a wurin. Don haka a tanadi duro guda na ruwa mai tsabta, mai murfi, wanda ba na kwaɓi ba ne, a ajiye shi 'yan taku kaɗan daga inda ake aiki, tare da buta biyu da sabulu. Idan ana aiki a bene, a hau da jarka da jakar ruwan leda kowane hawa, domin wanda siminti ya shiga wa ido ba zai iya sauka matakala ba. A san asibiti mafi kusa, a san wanda zai tuƙa mota ko babur, a rubuta lambar gaggawa ta 112 da lambar shugaban ma'aikata a bango.

Mataki na biyar: ma'aikata da kayan kariya

Tun da leburori kusan kullum sababbin fuskoki ne, horo na rana ɗaya a farkon aiki ba ya isa. Kowace safiya kafin a ɗauki shebur a tsaya minti goma, a faɗi sinadaran da za a taɓa a ranar, a nuna inda ruwa yake, a kuma bar ma'aikata su yi tambaya. Na lura cewa idan dattijon magini ne ya yi bayanin, ya nuna tabon da ke hannunsa, matasa sun fi saurare fiye da idan injiniya ne ya karanto daga takarda.

Kayan kariya a kan wanda ya ɗauki ma'aikata suke, ba a cire kuɗinsu daga ladan lebura. Safar hannu ta yadi ba ta da amfani a wurin jiƙaƙƙen siminti, hasali ma ta fi hannu tsirara illa, domin tana tsotse ruwan ta manna shi a fata yini guda. Wadda ake buƙata ita ce doguwa ta roba mai kauri. Tina kuwa tana narkar da wasu nau'o'in roba, shi ya sa ake duba sashe na 8 kafin a saya. Tabarau ya zama mai rufe gefe da gefe. Game da takunkumi akwai kuskuren da ya yaɗu tun zamanin korona: takunkumin asibiti ba ya tare ƙurar gini, mai tare ƙura shi ne N95 ko FFP2, kuma shi ma ba ya tare tururin fenti ko na gam. Tururi sai takunkumin roba mai matatar gawayi, wadda ake canzawa da zarar an fara jin ƙamshin fenti ta cikinta. Irin wannan takunkumi ba ya kama fuska sosai idan akwai gemu, kuma maimakon a takura wa mutum a kan gemunsa, ya fi dacewa a ba shi aikin da ba na feshi ba. A lokacin zafi da watan azumi a jawo ayyukan da suke buƙatar rufe jiki zuwa sassafe, domin wanda zufa ta dame shi zai cire kayan ne ko an hana shi.

Mataki na shida: lokacin aiki

Da siminti zan fara, domin shi aka fi taɓawa kuma shi aka fi rainawa. Jiƙaƙƙen siminti yana kaiwa 12 zuwa 13 a ma'aunin pH, wato yana ajin sodar da ake yin sabulu da ita, kuma mugun halinsa shi ne ba ya zafi da wuri. Na taɓa tsayawa a kan zubin dekin na wani bene, aka fara da hantsi aka kai la'asar. Wani matashi cikin masu baza kankare ya sa dogon takalmin roba, amma ya cusa ƙafar wandonsa a ciki, sai kankare ya riƙa gangarawa ta bakin takalmin. Da na ce ya fita ya wanke, sai ya ce, "Yallaɓai, ba komai, sanyi ma nake ji, bari mu kai ƙarshen layin nan." Na ƙyale shi, kuma kuskurena ke nan. Da magariba da ya zare takalmin, fatar idon sawunsa ta biyo safar, wurin ya yi fari fat kamar an dafa, kuma ya yi makonni bai koma aiki ba. Tun daga ranar, dokata ita ce ƙafar wando a saman takalmi, kuma duk wanda kankare ya shiga wa takalmi ko safar hannu ya fita nan take, ya cire, ya wanke, ba sai an gama layi ba.

Masu shafe daɓe kada su durƙusa a kan ɗanyen kankare sai a kan katako. Masu ɗaukar kwanon sarki su sa leda a kan gammo da kafaɗa, saboda ruwan simintin da ke ɗiga a wuya da bayan kunne. A cire zobe da agogo, domin a ƙarƙashinsu siminti yake maƙalewa. Kada a wanke hannu a bokitin da ake wanke cokalin gini, tun da ruwan cikinsa shi ma ya zama ruwan siminti, kuma kada a shafa man shafawa sai bayan an wanke da sabulu an bushe. Ban da ƙuna, siminti yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam da ke sa ƙaiƙayi da tsagewar hannu, wanda idan jiki ya riga ya ƙi shi ba ya komawa daidai. Saboda shi ne Tarayyar Turai tun 2005 ta hana sayar da simintin da wannan sinadari ya wuce kashi 2 cikin miliyan a cikinsa.

Ƙurar da ke tashi idan ana yanka tayil ko bulo ko dutse tana ɗauke da silika, wadda take taruwa a huhu ta sandarar da shi, ta kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Maganinta shi ne a yi yankan da ruwa yana zuba a kan faifan, a kiyaye kada ruwan ya kai ga wayar lantarki, a kuma yayyafa ruwa kafin shara. Idan tsohon gini ake rushewa, a ɗauka cewa silin ɗinsa da rufinsa mai kama da siminti na asbesto ne. Ba a fasa shi, ba a yanka shi. Ana jiƙa shi ne, a kwance ƙusoshinsa, a sauke shi ɗungurungum, a naɗe cikin leda mai kauri ninki biyu. Kada a bai wa maƙwabta su yi akurkin kaji da shi. Ciwon dajin da yake haifarwa yakan ɗauki shekara ashirin ko fiye kafin ya bayyana.

Wajen fentin mai da gam, a buɗe tagogi ta fuska biyu domin iska ta ratsa, a rufe gwangwani duk lokacin da ba a ɗiba, a hana sigari da walda a wannan sashe. Ciwon kai, da jiri, da jin kamar an bugu, alama ce ta a fita waje yanzu. Ba a wanke hannu da tina ko fetur, domin suna tsotse maiƙon fata su kuma shige cikin jiki. Tsohon fenti ba a goge shi da busasshiyar samfefa, kuma ba a ƙona shi, saboda ƙurar dalma. Wanda yake shakkar abin da wannan ƙura take yi wa yara ya tuna da ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin ƙurar dalmar da ta shiga gidaje daga niƙan dutsen zinare.

Asid ɗin wanke tayil ana zuba shi ne a cikin ruwa a hankali, a bokitin roba. Ba a taɓa zuba ruwa a cikin asid, domin zai tafasa ya fantsamo fuska. Kada a haɗa shi da ruwan bilic da nufin ƙara haske, domin haɗin yana fitar da iskar kilorin, kuma a ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar taga shaƙa kaɗan ta isa ta kayar da mutum.

Mai walda ya yi aikinsa a sarari, musamman idan ƙarfen mai rufin tutiya ne, wanda hayaƙinsa yake kawo zazzaɓi da rawar sanyi da dare har a ɗauka cizon sauro ne. Bayan an gama walda a bar mutum ya tsare wurin aƙalla rabin awa saboda tartsatsin da ke ɓuya. Kwaltar da ake narkarwa tana wuce digiri 150, ba a barin ta a kan wuta babu mai tsaro, kuma ɗigon ruwa a cikinta yana sa ta tumbatsa. Maganin gara kuma a fesa shi da sassafe kafin sauran ma'aikata su zo, mai feshin ya juya wa iska baya, ya nisanci rijiya, ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ci komai.

Sai ramuka, wato rijiya da sokawe da tankin ƙarƙashin ƙasa. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari, kuma da ya sauka ƙasa da 19.5 wurin ya zama mai haɗari. A tsohon ramin masai akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda idan ta yi yawa take kashe jin wari, sai mutum ya zaci ta tafi. Zura fitila domin gwaji ba hujja ba ce, tana ma iya tayar da fashewa. A buɗe ramin, a hura masa iska da fanka, a auna da na'ura, mai shiga ya ɗaura igiya a jiki, wani kuma ya tsaya a baki ba ya ko motsawa. Ba a saukar da janareta ko injin ban ruwa mai fetur cikin rami, kuma ba a kunna su a cikin ginin da aka rufe, domin hayaƙinsu yana ɗauke da gubar da ba ta da launi ba ta da wari. A ajiye su a waje, mita 6 daga ƙofa da taga. Idan wani ya faɗi a rami, a jawo shi da igiya, kada kowa ya bi shi. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayyana tun 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu kai ceto ne.

Mataki na bakwai: idan abin ya faru

Idan a fata ne, a cire tufafin da suka jiƙe, a kakkaɓe garin idan busasshe ne, sannan a kwarara ruwa na tsawon minti 20 ana duba agogo, domin minti biyar a irin wannan hali kamar awa yake. Idan a ido ne, a kwantar da mutumin, a buɗe fatar idon da yatsu, a zuba ruwa daga wajen hanci zuwa wajen kunne domin kada ya gangara ɗaya idon, a ci gaba da zubawa har a cikin mota, kuma ko ya ce ya ji sauƙi sai likita ya gani. Kwaltar da ta manne a fata a sanyaya ta da ruwa, kada a ɓamɓare ta. Ba a shafa ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai a kan ƙuna.

Wanda ya shaƙi tururi a fitar da shi sarari a sassauta masa riga. Wanda ya haɗiyi fetur ko kananzir ko tina ko asid kada a sa shi amai, domin man yana iya faɗawa huhu, asid kuma zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. Manja da madarar gwangwani da aka saba ɗura wa mutum ba sa karya guba, ɓata lokaci kawai suke yi, haka nan madarar da masu fenti da masu walda suke sha da yamma ba ta wanke ƙirji. Wanda ya fara dalalar da yawu, da zufa, da ƙanƙancewar ƙwayar ido bayan feshin maganin gara, a garzaya da shi asibiti, domin akwai allurar da ake yi wa irin wannan guba kuma da wuri take aiki. A kowane hali a tafi da mazubin ko hotonsa a waya.

Abin da ya zube a ƙasa a kewaye shi da yashi tun daga gefe, a bari ya tsotse, a kwashe cikin mazubi mai murfi. Wutar fetur ko tina ba a watsa mata ruwa, sai garin tukunyar kashe gobara ko kumfarta ko yashi, kuma idan ta fi ƙarfin tukunya ɗaya a fitar da kowa a kira 'yan kwana-kwana. Bayan komai ya lafa a rubuta abin da ya faru a littafi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, da kuma kai rahoton rauni cikin kwana 7.

Mataki na takwas: ragowa da mazubi

Nijeriya ta san illar dattin sinadarai tun 1988, lokacin da aka jibge dubban duro na guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa a shekarar aka kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan datti. A yau hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, wadda aka kafa a 2007, tare da hukumomin muhalli na jihohi, su ne ake tuntuɓa a kan inda za a kai ragowar da ta yi yawa. Ruwan wankin injin kwaɓi da na buroshin fenti ba a sake shi a kwata. A haƙa ɗan rami mai shimfiɗar leda nesa da rijiya, a bari ya bushe, a kwashe dasƙararren. Tinar da aka wanke buroshi da ita idan ta kwana a rufe dattinta yakan kwanta, a tsiyaye ta sama a sake amfani da ita. Ba a ƙona robar sinadari ko gwangwanin fenti.

Tufafin aiki su kwana a wurin aiki, a wanke su daban da na iyali, kuma ma'aikaci ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin cin abinci da kafin alwala. Masu tallan abinci, waɗanda yawancinsu yara ne, a ware musu inuwa a wajen shinge.

Mazubin da ya ƙare yakan ja hankalin kowa, domin jarka da duro kuɗi ne, kuma 'yan gwangwan suna bakin ƙofa suna jira. Robar maganin gara a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar a tankin feshi, sannan a huda gindinta da ƙusa domin kada ta koma gidan wani a matsayin mazubin ruwa ko man gyaɗa. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko tina ya fi haɗari bayan ya ƙare, saboda tururin da ya cika cikinsa, don haka kada a bari mai walda ya kusance shi da wuta ko injin yanka da nufin raba shi biyu. A mayar wa dillalin da ya kawo shi, a kuma soke sunansa a littafin sito tare da ranar da ya fita.